Samuel Okwaraji, Gwanin Ƙwallo Mai Kishin Ƙasa

Ko a Ƙaraye, ko a Rogo, ko a Unguwar Hajji, da wuya rana ta yi sanyi ba a ga yara a fili suna buga tamaula ba. To, ga labarin wani gwanin wannan wasa da ya kamata kowane yaro ya sani.

An haifi Samuel Okwaraji ran 19 ga Mayu, 1964, a Orlu, cikin Jihar Imo ta yanzu. Da ya tasa sai ya tafi Turai neman ilmi. Ya zauna a birnin Rum na ƙasar Italiya, ya karanta aikin lauya. Yana karatu yana ƙwallo, bai yarda ɗaya ya kashe ɗaya ba.

Shi ɗan wasan tsakiya ne. Aikin ɗan tsakiya kuwa shi ne ya karɓo ƙwallo daga masu tsaron baya, ya duba, ya miƙa wa masu kai hari. In ƙwallon ya kuɓuce, shi ne na farkon zuwa ƙwato shi. Saboda haka sai mai jimirin gudu da kaifin hankali ke iyawa. Samuel ya haɗa duka biyu. Ya yi wa ƙungiyar Dinamo Zagreb wasa a ƙasar da a lokacin ake kira Yugoslabiya. Daga nan ya koma Klagenfurt ta ƙasar Ostiriya, sa'an nan ya wuce Ulm ta Jamus.

Duk da daɗin zaman Turai, zuciyarsa tana gida. A shekarar 1988 aka kira shi ya yi wa Nijeriya wasa, ya amsa da murna. Aka tafi da shi Maroko gasar cin kofin Afirka. Ran da aka kara da Kamaru, tun ba a yi minti uku da farawa ba ya narka ƙwallo a raga. Nijeriya ta kai wasan ƙarshe, amma Kamaru ɗin ce ta ɗauke kofin da ci ɗaya. A wannan shekara kuma ya je wasannin Olamfik a birnin Seoul na Koriya ta Kudu.

Ran Asabar, 12 ga Agusta, 1989, Nijeriya ta kara da Angola a babban filin wasa na Ikko. Ana neman zuwa gasar cin kofin duniya ne, wadda za a yi a Italiya, ƙasar da ya yi karatu. Filin ya cika maƙil. Saura minti 13 a tashi, sai aka ga Samuel ya yanke jiki ya faɗi, alhali ba wanda ya taɓa shi. Aka ɗauke shi, ashe kwana ya ƙare. Likitoci suka bincika, suka tarar zuciyarsa ta kumbura, kuma yana da hawan jini. Shekarunsa 25 kacal. Nijeriya ta ci wasan ɗaya da nema, amma murna ta koma ciki. Daga baya aka kafa mutum-mutuminsa a wannan fili don tunawa da shi.

Yara, ku lura. Samuel bai jefar da littafi don ƙwallo ba, bai kuma manta da ƙasarsa don ya ga Turai ba. Mutuwarsa kuwa ta nuna mana cewa ƙarfin jiki ba shi ne lafiya ba. Wanda duk zai yi wasa mai wuya, ya je likita ya duba shi tukuna, gama rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Samuel Okwaraji?
2. Mene ne aikin ɗan wasan tsakiya?
3. Faɗi ƙasashe uku na Turai inda ya yi wasa.
4. Me ya sa ya kamata ɗan wasa ya ga likita?