Larbi Ben Barek, Gwanin da Faransa Ta Aro Daga Maroko

A Kasabalanka aka haifi Larbi Ben Barek, zamanin da Maroko ke hannun Faransa. Ƙungiyar Marseille ta ɗauke shi a 1938, a shekarar kuma ya fara buga wa Faransa ƙwallo, alhali ba ta taɓa ba shi takardar zama ɗan ƙasa ba.

Yaƙin Duniya na Biyu ya cinye masa shekarun ganiyarsa. Duk da haka ya lashe gasar Sifaniya da Atletico Madrid a 1950 da 1951. Wasansa na ƙarshe da rigar Faransa shi ne na 1954, da suka doke Jamus ta Yamma 3-1.

Ya rasu a Kasabalanka a Satumban 1992, shi kaɗai a gida. Sai bayan kwanaki aka tarar da gawarsa. FIFA ba ta karrama shi ba sai a 1998.