Gregor Mendel, Ɗan Manomin Da Ya Gano Asirin Gado

Makiyayan dajin Birnin Gwari sun san baƙar saniya da baƙin bijimi kan haifi jan maraƙi, har a dinga zargin bijimin wani garke. Mutumin da za mu ba da labarinsa yau shi ne ya fara warware wannan al'amari, a lambu kuwa ya gano shi.

An haifi Gregor Mendel cikin 1822 a wani ƙauye na daular Ostiriya, wanda yanzu yake ƙasar Cek. Iyayensa talakawa ne manoma. Rashi ya matsa masa wajen neman ilmi, har cikin 1843 ya shiga gidan malaman Kirista na birnin Burno, su kuwa suka aika da shi jami'ar Biyana. Sau biyu yana zaman jarrabawar malanta bai ci ba.

Daga 1856 zuwa 1863 ya shuka waken Turawa wajen tushe 28,000, yana haɗa iri da iri. Da ya haɗa mai fure shunayya da mai farin fure, 'ya'yan duka suka fito shunayya. Amma a jikoki sai fari ya komo: 705 shunayya, 224 farare, watau uku bisa ɗaya. Nan ya gane kowace siffa ɗa yana karɓar ƙwayar gadonta ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Wata takan rinjayi wata ta rufe ta, amma wadda aka rufe tana nan kwance har ta gamu da irinta.

Ya buga bincikensa cikin 1866, masana ba su kula ba. Aka naɗa shi shugaban gidan cikin 1868, ya rasu cikin 1884. Sai a 1900 masana uku suka tono aikinsa, sa'an nan cikin 1902 Bafaranshe Lucien Cuénot ya tabbatar da shi a launin gashin ɓeraye. A shanu ma baƙi yana rufe ja, abin da ke fito da jan maraƙin ke nan.

Saboda haka muna jawo hankalin mai kiwon farar Bunaji ko jar akuyar Sakkwato, kafin ya sayi bijimi ko bunsuru ya bincika launin iyaye da kakanni. Yawan nono da girman jiki kuwa ƙwayoyi masu yawa ke haɗuwa a kansu, sai kuma an dafa musu da abinci da kulawa.