Tarihin Malam Raoult, Mai Awon Ƙanƙara

An haifi Faransuwa Raoult ran 10 ga Mayu, 1830, a wani ƙauye wai shi Fournes, a arewacin Faransa. Iyayensa ba masu wadata ba ne. Ya tafi Faris neman ilmi, amma guzuri ya ƙare masa tun bai gama ba, sai ya kama aikin malanta a Reims cikin 1853. Da rana ya koyar da yara, in ya tashi ya koma ga bincikensa, har ya sami digirin dakta cikin 1863. A 1867 aka kira shi jami'ar Girenobul, inda ya zauna har ƙarshen ransa.

Tun kafin zamaninsa an san ruwan gishiri ba ya daskarewa da wuri kamar ruwan daɗi, amma ba a gane ƙa'idar abin sosai ba. Daga 1878 Raoult ya duƙufa, yana narka abubuwa iri iri cikin ruwa da waɗansu abubuwa masu ruwa-ruwa, yana sanyaya su, yana duban ma'aunin zafi. Cikin 1882 ya bayyana abin da ya gano, watau ba irin abin da aka narka ne ke jinkirta daskarewa ba, yawan ƙwayoyinsa ne, waɗanda ido ba ya gani. Ga misali, giram 342 na sukari da giram 46 na barasa ƙwayoyinsu daidai su ke. Kowanne aka zuba cikin kilo guda na ruwa, sai sanyi ya ƙaru da awo 1.86 kafin ya zama ƙanƙara. Cikin 1887 kuma ya nuna tururin da ke tashi daga ruwan yana raguwa bisa wannan lissafi. Da wannan masana suka sami hanyar auna nauyin ƙwayoyin abin da ba su sani ba.

Gishiri ne ya ƙi bin ƙa'idar, gama aikinsa ya kusa ninki biyu. Raoult ya rubuta awonsa yadda ya same shi. Sa'an nan Arrhenius, mutumin Suwidin, ya warware matsalar: kowace ƙwayar gishiri rabuwa biyu ta ke yi cikin ruwa.

Masanan Ingila suka ba shi lambar Davy cikin 1892. Ya rasu ran 1 ga Afrilu, 1901.

To, 'yan'uwa masu shirin malanta, ku lura, shekara 14 mutumin nan ya yi yana koyarwa a makarantun lardi, bai yar da bincike ba. Mai haƙuri shi kan dafa dutse ya sha romonsa.