Murtala Muhammad da Baƙar Motarsa

A Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan a Legas, akwai wata baƙar mota ƙirar Mercedes-Benz wadda harsasai suka huda. A cikinta ne ajali ya riski Janar Murtala Ramat Muhammad.

An haife shi a Kano ranar 8 ga Nuwamba, 1938. Ya yi karatu a kwalejin Zariya da ake kira Barewa a yau, ya kuma sami horon soja a Sandhurst ta Ingila. A yaƙin basasa ya jagoranci Runduna ta Biyu, wadda har yau ake ɗora wa dakarunta alhakin kisan gillar Asaba na 1967.

Ya hau mulki a ƙarshen Yulin 1975, bayan hamɓarar da Janar Yakubu Gowon. Cikin ƙasa da wata bakwai ya sallami dubban ma'aikata, ya zaɓi Abuja a matsayin sabon babban birni, ya mayar da jihohi 19 daga 12. A rabon nan ne aka sami Jihar Sakkwato.

Ba ya yawo da jerin gwanon motoci. Da safiyar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, motarsa ta maƙale cikin cunkoso a Ikoyi, sai sojoji 'yan juyin mulkin Laftanar Kanar Buka Suka Dimka suka buɗe mata wuta. Ya rasu yana da shekara 37, aka binne shi a Kano.

Har gobe, idan ayarin wani mai mulki ya tare hanya da jiniya, akan tuna da wannan mota guda.