Ɗan Maƙerin Da Ya Koyar Da Kimiyya Da Kyandir Ɗaya

A zangon farko na ND I na haddace dokar Faraday kamar yadda muka saba haddace komai: daga handawut zuwa kai, daga kai zuwa takardar jarrabawa, daga nan kuma sai a manta. Na ci kwas ɗin lafiya lau. Amma da na je hutu, ƙanena ya tsaya gaban janaretan gidanmu ya tambaye ni yadda juyawar inji take komawa haske a ƙwan lantarki. Wallahi sai na hau kame-kame. Ɗalibin lantarki fa! Kunyar ranar ce ta sa na nemi tarihin mai dokar.

An haifi Maikel Faraday a 1791 a gefen birnin Landan. Mahaifinsa maƙeri ne mai yawan jinya, gidan kuma na talakawa. Karatunsa na makaranta bai wuce iya karatu da rubutu da ɗan lissafi ba. Yana da shekara 14 aka kai shi koyon ɗinkin littattafai, ya yi shekara bakwai a shagon. Littafin da aka kawo a yi masa bango, shi sai ya karanta shi tukuna. A nan ya ci karo da bayanin lantarki a cikin kundin Encyclopaedia Britannica, da littafin kimiyyar sinadarai na Jane Marcet. Abin da ya karanta kuwa ba ya barinsa a takarda. Da tsofaffin kwalabe da katako ya haɗa na'urarsa ta farko ta lantarki don ya gani da idonsa.

A 1812 wani abokin cinikin shagon ya ba shi tikitin laccocin Humphry Davy a cibiyar Royal Institution. Ya rubuta abin da ya ji, ya ɗinke shi ya zama littafi mai shafi wajen 300, ya aika wa Davy yana neman aiki. A 1813 aka ɗauke shi mataimaki a ɗakin gwaji, har da wankin kwalabe.

A 1821 ya sa wayar da wuta ke bi ta cikinta ta riƙa zagaya maganaɗisu, wanda shi ne tushen duk motar lantarki, daga fanka zuwa famfon burtsatse. A 1831 kuma ya naɗe zoben ƙarfe da waya biyu da ba su taɓa juna ba. Sai ya lura allurar ma'auninsa tana motsi ne kawai a daidai lokacin da ya haɗa batir ko ya cire shi. Wani da ya ga wannan ɗan motsi sai ya ce kuskuren na'ura ne ya wuce. Shi ya tsaya a kansa har ya gano cewa canjin ƙarfin maganaɗisu kusa da naɗin waya shi ke haifar da wuta. Taransifomar unguwarku da janaretan shagon aski da injinan Kainji duk a kan wannan suke aiki. Ashe amsar ƙanena ke nan.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda yake koyarwa. A 1825 cibiyar ta fara laccocin Kirsimeti don yara da matasa, kuma Faraday ya gabatar da su sau 19. Mafi shahara a cikinsu a kan kyandir ya yi su, aka buga su littafi a 1861. Zai kunna kyandir, ya sa yara su lura da yadda iska mai sanyi da ke hawa ta gefe take hana bakin kakin narkewa, har ya zama ɗan kofi mai riƙe narkakken. Lagwani yana jan narkakken sama kamar yadda bakin tawul yake jan ruwa. Sai ya hure wutar, ya kai wata wutar ga hayaƙin da ke tashi, wutar ta bi hayaƙin ta koma kan lagwani. Da haka yaro zai gane da kansa cewa tururin kakin ne yake ci. Ya riƙe abu mai sanyi a saman harshen wutar, laima ta taru a jikinsa, wato wuta tana haifar da ruwa. Daga nan ya kai su ga numfashin ɗan Adam, wanda shi ma ƙonewa ce a hankali. Gani ne ke zuwa farko, tambaya ta biyo baya, sannan a ba abin suna. Kuma yakan kwaɗaita musu su je gida su sake gwadawa.

Kada wani ya ce to ai lissafi ba shi da amfani ke nan. Faraday bai yi zurfi a lissafi ba, kuma sai da Maxwell ya zo ya zuba tunaninsa cikin lissafi kafin ya kai inda ya kai. Amma abin da Maxwell ya lissafa, Faraday ne ya fara ganinsa. Ya ƙi karɓar shugabancin ƙungiyar Royal Society, ya rasu a 1867. Sunansa na nan a kan farad, ma'aunin kafasito da muke rubutawa kullum.

Mu a nan kukanmu shi ne rashin kayan aiki a wakshof, kuma gaskiya ne. Sai dai kyandir nawa ne a shago? Roƙona ga malamanmu shi ne su ware ko minti goma na lacca su nuna abin kafin su rubuta fomula a allo, kuma kada su ɗauki tambaya a matsayin raini. Mu ma ɗalibai mu daina yi wa mai tambaya dariya da cewa yana ɓata mana lokaci.

Hutun da ya biyo baya na naɗe wayar tagulla a jikin guntun bututu, na ciro maganaɗisu daga tsohuwar sifika, na haɗa wayar da mita. Na miƙa wa ƙanena maganaɗisun na ce ya kai shi bakin naɗin da sauri. Allura ta motsa. Ya tsayar da hannu, ta koma. Ya ɗago ya tambaye ni me ya sa sai yana motsi take tashi, kuma a wannan karon ina da amsa.