John Hawley Glover

Sir John Hawley Glover (an haife shi a ranar 24 ga watan Fabrairu, 1829, ya mutu a ranar 30 ga watan Satumba, 1885) hafsan sojan ruwan Birtaniya ne kuma gwamnan mulkin mallaka. An fi saninsa da kafa rundunar Hausawa masu ɗauke da makamai a Legas, wadda ake lissafa ta cikin tushen 'yan sanda da sojojin Najeriya.

Farkon rayuwa

An haife shi a Ingila, ya shiga sojan ruwa a shekarar 1841. A 1857 ya bi ayarin Dakta William Baikie zuwa kogin Neja. Da jirginsu ya farfashe a kusa da Jebba, Glover ya bi ta ƙasa har Legas, a nan ne ya fara sanin hanyoyin ƙasar da mutanenta.

Ɗaukar 'yan sanda a Legas

Birtaniya ta karɓe Legas a 1861, Glover kuma ya riƙe mulkinta tsakanin 1863 da 1872. A 1863 ya fara ɗaukar Hausawa aikin tsaro, mafi yawansu bayi ne da suka tsere wa iyayen gijinsu a ƙasar Yarbawa. Dalilin zaɓen su a bayyane yake. Baƙi ne da ba su da dangi a garin, don haka ba a tsoron su goyi bayan sarakunan gargajiya. Kakin gwamnati shi ne garkuwarsu daga komawa bauta, ga kuma albashinsu bai kai na sojan Bature ba. Kalmar Hausa a rundunar ta haɗa da 'yan arewa na wasu ƙabilu masu jin harshen.

Wannan tsari ya jawo rikici da masu bayi, kuma mutanen gari sun ɗauki rundunar a matsayin 'yan sandan Bature, ba nasu ba. A 1865 ya yi amfani da ita wajen korar mayaƙan Egba daga Ikorodu. Ya kuma jagoranci dakarun Hausawa a yaƙin Ashanti na 1873 zuwa 1874, a ƙasar Ghana ta yanzu.

Ƙarshen rayuwa

Daga 1876 ya yi gwamna a Newfoundland, sannan a tsibiran Leeward, kafin ya sake komawa Newfoundland. Ya mutu a Landan a 1885. Akwai zauren taro da aka gina a Legas don tunawa da shi.