Andrew Foster: Kurman da ya buɗe wa kuramen Afirka makarantu

Duk lokacin da zafi ya kama aka shiga maganar sanƙarau, mamata ake ƙirgawa. A annobar 1996 sama da mutum 100,000 ne suka kamu a ƙasar nan, fiye da 11,000 suka riga mu gidan gaskiya. Amma waɗanda suka tashi da ransu, cutar ta tafi da jinsu, ba kasafai ake jin lissafinsu ba. A kan ɗaya daga cikin irin waɗannan nake so in yi magana yau, ko da yake ba ɗan ƙasarmu ba ne, don kuwa duk makarantar kurame da mai karatu ya sani a Nijeriya, da wuya a rasa sawun mutumin nan a cikinta.

An haifi Andrew Foster a 1925 a Jihar Alabama ta Amurka, zamanin da wariyar launin fata ke kan ganiyarta. Yana ɗan shekara 11 sanƙarau ya kama shi, ya tashi kurma. Ga shi baƙar fata, ga kurumta: goma ta haɗu da goma. Makarantar kurame da aka kai shi a garin Talladega ta baƙaƙe ce zalla, karatunta kuma bai da nisa. Sai ya koma Detroit, yana aikin ƙarfi yana karatu, har a 1951 ya samu shiga Kwalejin Gallaudet ta kurame da ke birnin Washinton. A 1954 ya zama baƙar fata na farko da ya karɓi digiri a can, ya kuma ƙara da digiri na biyu har guda biyu cikin shekara biyun da suka biyo baya.

Burinsa shi ne Afirka. Ƙungiyoyin mishan da ya nema ba su karɓe shi ba, saboda haka a 1956 ya kafa tasa. A 1957, shekarar da Gana ta sami 'yanci, ya sauka Akara ya fara koyarwa a wani aji na aro, daga baya makarantar ta koma Mampong. A lokacin makarantun kurame a nahiyar nan duka ba su wuce goma sha biyu ba, akasarinsu kuma a arewacin Afirka da Afirka ta Kudu. A 1960 ya buɗe ta Ibadan, sannan Inugu da Kaduna suka biyo baya. Daga 1974 ya fuskanci ƙasashe renon Faransa, har da Cadi da Kamaru, yana kawo matasansu kurame Ibadan yana horar da su, su koma gida su riƙe makarantu. Kafin rasuwarsa ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13.

A nawa ganin, ba yawan makarantun ne babban aikinsa ba, hanyar koyarwarsa ce. Tun taron malaman kurame da aka yi a Milan ta Italiya a 1880 aka yanke cewa a hana yara magana da hannu, a tilasta musu karanta leɓe da furta sautin da ba su taɓa ji ba. An shafe kusan shekara ɗari ana wannan wahala. Foster, da yake ya san ciwon a jikinsa, ya koyar da hannu da rubutu da duk abin da yaro zai fahimta. Binciken masana na baya-bayan nan ya gaskata shi: yaron da ya sami harshe da wuri, na baka ne ko na hannu, shi ke yin nisa a karatu. Shi ya sa yanzu ƙasashe da dama ke gwada jin jarirai tun suna kwanakin haihuwa.

Akwai abu biyu da bai kamata a rufe ba. Na farko, ɗan mishan ne, yaɗa addininsa na cikin manufarsa, bai kuma ɓoye ba. Mai jin haushin wannan sai ya tambayi kansa abin da attajiranmu da malamanmu suka gina wa kurame a shekarun nan. Na biyu ya fi damuna. Harshen hannun da ya zo da shi na Amurka ne, daga gare shi ne kuma wanda ake koyarwa a makarantunmu ya samo asali. Alhali kuramen Kano suna da nasu tun kaka da kakanni, wato maganar hannu, wadda har masu ji a kasuwa kan taɓa. Sai da wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zo Kano ta zauna da su, ta fitar da littafi a kanta a shekara ta 2000, sannan masana suka san harshe ne cikakke mai nahawunsa. Yaron da ya taso da maganar hannu a gida, idan ya shiga aji sai ya tarar da wata daban. Laifin wannan ba na Foster ba ne shi kaɗai. Ya kawo abin da ya iya ne, mu ne ba mu rubuta namu ba.

A watan Disamba na 1987 ƙaramin jirgin saman da ya shiga ya faɗi a ƙasar Ruwanda, ba wanda ya tsira. Yana da shekara 62. Matarsa Berta, Bajamushiya wadda ita ma kurma ce, ita ta ci gaba da riƙe ƙungiyar bayansa.